Makarantu uku a gari ɗaya: yadda za a gane wadda ake karatu a cikinta

A garuruwan karkara da dama na yankin Ashanti a Gana, ko ta hanyar Offinso aka bi, ko ta Ejura, ko ta Nyinahin, akan tarar da makarantun gwamnati biyu ko uku kusa da juna, tsakaninsu bai fi tafiyar rabin awa a ƙafa ba. Wata allonta na ɗauke da D/A, wato ta majalisar gunduma. Wata R/C ce, wato ta Katolika, ko Methodist ko Presby, coci ta kafa ta tun da daɗewa. Idan garin na da zango mai ɗan girma, galibi akwai ta uku, ta Turanci da Larabci, wadda ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci da aka kafa a cikin hukumar ilimi ta GES a 1987. Dukkansu na gwamnati ne. GES ke turo malamai, gwamnati ke biyan albashi, manhaja ɗaya ake bi, jarrabawar BECE ɗaya, ta kammala ƙaramar sakandare, yara ke rubutawa. Amma sai ka ga yaro ya shekara shida a wannan ya fito yana karanta wa mahaifinsa wasiƙa, ɗan'uwansa ya shekara shida a waccan ya fito sunansa kaɗai yake iya rubutawa.

Maganar ta shafe mu a nan Kumasi. Gidaje da yawa a Aboabo da Sawaba da Asawase suna da dangi a waɗannan garuruwa, masu kula da gonakin koko, manoman masara da doya, masu sayen hatsi. Akan bugo waya a ce, "Yaya, wacce za mu sa yaron nan?" Ƙungiyoyin 'yan gari mazauna birni su ma kan tara kuɗi, su rasa wacce ta fi buƙata. Amsar da aka saba bayarwa daga abu uku take fitowa: kyan gini, tsohon suna, da yawan waɗanda suka ci BECE bara. Duk ukun suna iya ruɗin mutum, na ukun kuwa ya fi sauran, domin shi ne ke zuwa da lambobi.

Hukumar WAEC na ba kowane darasi maki daga 1 zuwa 9, kuma 1 ne mafi kyau. Darussa shida ake haɗawa: Turanci, lissafi, kimiyya da nazarin zamantakewa, sai biyu mafi kyau daga sauran. Jimla mafi kyau 6 ce, mafi muni 54. A da akan ce wanda ya sami 6 zuwa 30 ya ci. Da aka fara sakandare kyauta a Satumban 2017, wanda duk bai sami 9 a Turanci ko lissafi ba ya shiga cikin waɗanda za a ba gurbi ta tsarin rabon kwamfuta, wanda ake amfani da shi tun 2005. Don haka idan hedimasta ya ce duk yaransa sun sami makaranta, bai yi ƙarya ba, sai dai mai jimla 9 ya samu, mai jimla 38 ma ya samu. Abin nema shi ne takardar sakamakon gaba ɗaya. A ƙirga nawa suka sami ƙasa da 20, nawa tsakanin 20 da 30, nawa suka haura haka, sannan a duba layin Turanci da layin lissafi kowanne daban.

Ko an sami takardar, ta shekara ɗaya ba ta isa hujja ba. Makarantar ƙauye na iya kai yara 20 kacal jarrabawa, kowane yaro guda kashi 5 cikin 100 ke nan. Idan uku suka kwanta zazzaɓi a makon jarrabawa, ko kuma aka dace da haziƙai uku a aji ɗaya, sakamakon ya motsa da kashi 15 ba tare da wani malami ya sauya komai ba. Sai an jera na shekara uku zuwa biyar kafin a ga inda makaranta ta dosa.

Babban wurin da ake ɓoye rauni shi ne tsakanin JHS 1, ajin farko na ƙaramar sakandare, da ranar rajistar jarrabawa. A ɗauki misali. Makaranta ta farko ta karɓi yara 45 a JHS 1, bayan shekara uku 22 suka rubuta BECE, duka suka ci, aka yi shelar kashi 100 cikin 100. Ta biyu ta karɓi 40, ta kai 36 jarrabawa, 27 suka ci, kashi 75 ke nan. A bakin mutane ta farko ce gaba. A lissafi kuwa ta biyu ta haye da 27 cikin 40, ta farko 22 cikin 45. Ina sauran 23 suka shiga? Wasu an maimaita musu JHS 2 don kada su ɓata sakamako, suka ji kunyar zama da ƙannensu suka daina zuwa. Wasu ramin galamse, wato haƙar zinariya ba izini, ya ja su, wasu suka koma tuƙin aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, wasu 'yan mata aka yi musu aure ko aka turo su aikatau Kumasi. Rajistar shiga makaranta da rajistar aji suna nuna wannan a fili, kuma aikin minti ashirin ne: a ɗauki sunayen JHS 1 na shekara uku baya, a gwada da jerin waɗanda suka rubuta jarrabawa. A nan ne kuma ake gano baƙin sunaye. An keɓe wa 'yan makarantun gwamnati kashi 30 cikin 100 na guraben manyan makarantu irin su Prempeh da Opoku Ware da Yaa Asantewaa, shi ya sa wasu iyayen birni ke neman a yi wa 'ya'yansu na makarantun kuɗi rajista a makarantar ƙauye. Idan waɗanda suka fi kowa maki yara ne da ba wanda ya san su a garin, wannan sakamako ba aikin malaman wurin ba ne.

Mu a ganinmu ma, BECE ta yi nisa da inda matsalar take. Yaron da ya faɗi a JHS 3, galibi tun a aji biyu ko uku na firamare aka bar shi a baya. Gwajin karatun ƙananan azuzuwa da aka yi a faɗin Gana a 2013, aka maimaita a 2015, ya nuna kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai na 'yan aji biyu ke karatu da fahimta, kusan rabi kuwa ko kalma ɗaya ba sa iya karantawa. Daga aji huɗu komai da Turanci ake koyarwa, kuma ba wanda zai sake tsayawa ya koya wa yaro haɗa baƙi. Wanda ya shiga aji huɗu bai iya karatu ba, kwafar allo zai yi ta yi har ya gama. Saboda haka ma'aunin da muka fi yarda da shi shi ne ɗan aji uku, da shafi ɗaya a hannunsa.

Ga yadda ake yi. Da izinin hedimasta, ko kuma a gida da yamma da izinin iyaye, a zaɓi yara goma 'yan aji uku daga kowace makaranta. Kada malami ya zaɓa, domin zai kawo gwanayensa, kuma ba laifinsa ba ne, kowa haka zai yi. Mai sayen masara a kasuwar Ejura ba ya tsayawa ga ta bakin buhu, hannu yake zurawa har ƙasa. A buɗe rajista, a ɗauki kowane suna na huɗu ko na biyar, maza da mata. A ba yaro gajeren labari daidai da matakin aji biyu, wanda ba ya cikin littafin da suke amfani da shi, domin yaranmu gwanayen hadda ne, wani zai rera shafi guda daga ka alhali ba ya gane harafi. A ba shi minti ɗaya da agogon waya, a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai. Sannan a yi masa tambaya biyu a kan labarin, a bar shi ya amsa da Twi ko Hausa, tunda fahimta ake nema. Daga nan lissafi biyu a takarda: 38 a tara da 27, sai 52 a ɗebe 17. Na biyun ya fi tona asiri. Yaron da ya rubuta 45 ya ɗebe ƙaramar lamba daga babba ne a kowane layi, ba a koya masa aro ba, kuma idan shida cikin goma suka ba da wannan amsa, gyaran na malami ne. A yi gwajin cikin sakin fuska, ba tsawa, ba dariya, ba a kiran sunan wani yaro a taro daga baya. Lambobi kawai ake fita da su: nawa suka karanta, nawa suka yi ta tuntuɓe, nawa suka kasa farawa. Tun 2021 gwamnati ma na da gwajin bai-ɗaya na ƙasa, wanda aka fara da 'yan aji huɗu, yana da kyau a tambayi hedimasta ko sakamakon makarantarsa ya iso hannunsa.

Idan an ga bambanci, sai a nemi sanadinsa, kuma mafi yawan lokaci yana wajen malamai: suna zuwa, ko ba sa zuwa? Kowace makaranta na da littafin sa hannun malamai, amma ba a dogara da shi shi kaɗai, domin abokin aiki na iya sa wa wani hannu. A je da kai, ba sanarwa, sau uku: Litinin da safe wajen ƙarfe takwas da rabi, Juma'a kafin azahar, da rana ɗaya a makon da albashi ya shiga. A zagaya a ƙirga azuzuwan da malami ke tsaye yana koyarwa, da waɗanda aka bar wa monita da sanda yana rubuta sunayen masu surutu. Waɗannan ranaku ba a banza aka zaɓe su ba. Malamin da iyalinsa ke Kumasi ko Mampong yakan tafi Juma'a ya dawo Litinin da motar farko, idan ruwa bai ɓata hanya ba. Wasu suna ƙarin karatu na ƙarshen mako a jami'ar Winneba ko ta Cape Coast. Idan babu banki a garin, ƙarshen wata na cinye wuni guda. Tambaya ɗaya takan bayyana rabin labarin: malamai nawa ne ke kwana a garin? Makarantar da shida cikin malamanta takwas ke zaune a gari ta yi wa wadda duk malamanta ke zuwa da babur daga hedikwatar gunduma nisa, ko da na biyun sun fi takardu.

A kuma tambayi shekarun da kowane malami ya yi a wurin. Ƙauyuka masu nisa sababbin malamai ake turawa, su ɗan yi shekaru su nemi sauyi. Inda ake canza malamin aji ɗaya kowace shekara, karatu ba ya kafuwa. Sannan wa aka ba ƙananan azuzuwa? Hedimastan da ya san aikinsa gogaggen malami yake ajiyewa a aji ɗaya da aji biyu. Wanda hankalinsa ke kan BECE kawai yakan tara gwanaye a JHS, ya bar ƙanana ga ɗan bautar ƙasa ko ɗan sa-kai da ba a koya masa koyar da karatu ba. Haɗa aji biyu a hannun malami ɗaya abu ne da aka saba gani a karkara, kuma ba shi ke nuna makaranta ta lalace ba, abin dubawa shi ne ko rukunin da malami bai fuskanta ba yana da aikin yi. A JHS kuwa a tabbatar akwai mai koyar da lissafi da mai koyar da kimiyya da suka karanci fannin.

Littafin aikin yaro shaida ce da ba ta buƙatar izinin kowa, tana cikin jakarsa. A buɗe na Turanci da na lissafi, a ƙirga ayyukan da ke da kwanan wata a zangon karatun da ake ciki. Aiki biyar cikin mako goma ya nuna an yi zaman banza da yawa. A duba jan biro. Idan alamar daidai ce a kan amsar da ba daidai ba, malami bai karanta ba. Idan an nuna kuskure amma babu gyara a ƙasa, an duba ne don mai sa ido ya gani. Sabuwar manhaja ta fara aiki a 2019, littattafanta suka yi shekaru ba su iso ba, don haka a tambaya littafin karatu nawa ne a aji, kuma a hannun yara suke ko a kulle cikin kabad ɗin ofis don kada su yage.

Akwai wurin da kwatanci ke iya zama zalunci, dole a kiyaye. Makarantar bakin titi na ɗaukar 'ya'yan 'yan kasuwa da na ma'aikatan asibiti da na malamai, yaran da suka yi shekara biyu a ajin share fage tun suna da shekara huɗu. Ta can ciki na ɗaukar 'ya'yan masu kula da gonar koko a kan kashi ɗaya cikin uku na amfanin gonar, yaran da ke tahowa daga bukkokin gona, wasu sai sun kai tara ko goma ake sa su aji ɗaya, kuma daga Oktoba, lokacin fasa koko, kujerunsu kan zama wayam. Da manyan ruwan sama, daga Afrilu zuwa Yuli, rafi ɗaya na iya raba rabin aji da makaranta. Idan aka yi gwaji sau ɗaya, ta bakin titi za ta yi gaba ko da malamanta ba su fi ƙoƙari ba. Maganin shi ne a gwada yaran nan goma a farkon shekarar karatu, a sake gwada su ɗin dai a ƙarshenta. Makarantar da ta ɗaga yara daga biyu masu karatu zuwa shida ta fi wadda ta tashi daga shida zuwa bakwai aiki, kuma malamanta sun cancanci a faɗa musu haka a gaban jama'a.

Harshe ma na shiga cikin lissafin, musamman ga 'ya'yan zango. Tsarin ƙasa ya ce daga ajin share fage zuwa aji uku a koyar da harshen yankin. Harsuna goma sha ɗaya gwamnati ta amince da su a makaranta, babu Hausa a ciki, kuma a Ashanti Twi ne. Yaron da aka haifa a garin ya sha Twi a wurin wasa, ba shi da damuwa. Amma ɗan Bafillatanin da ke ruga, ko wanda iyayensa suka sauko daga Bawku ko Walewale bara, yana iya shekara guda bai san abin da ake faɗa ba. A tambaya ko akwai malami a ƙananan azuzuwa da ke jin Hausa ko wani harshen arewa. Ga irin wannan yaro, wannan kaɗai ya isa ya rinjayar da zaɓi.

Makarantar Turanci da Larabci kuwa, da yawanmu zuciya can take karkata, kuma da dalili: yaro na samun Alƙur'ani da tarbiyya, yarinya na sa hijabinta ba gardama, kuma tun 2024 Larabci ya shiga darussan da ake iya rubutawa a BECE. Amma ƙauna ba ta hana dubawa. A nemi jadawalin darussa a gani. Inda aka tsara da kyau, Larabci na da sa'o'insa sanannu, da sassafe ko bayan tashi ko Asabar da Lahadi, Turanci da lissafi ba su rasa komai ba. Inda ba a tsara ba, duk darasin da malaminsa bai zo ba ya zama na Larabci, Juma'a kuma tun hantsi an watse. A kuma tambayi wa ke biyan malaman Larabcin, domin da yawansu ba sa cikin masu albashin GES, da ɗan abin da iyaye suka tara suke rayuwa, kuma ranar da tarin ya tsaya dole malam ya nemi abin kai wa gida. Gwajin ɗan aji uku ɗaya ne ga kowa, a yi wa tamu kamar yadda aka yi wa ta coci.

Abinci da kuɗi suna da nasu tasirin. Shirin ciyar da 'yan makaranta, wanda aka fara a 2005, bai kai ga kowace makaranta ba, kuma a firamare yake tsayawa. Idan ɗaya na dafawa ɗaya ba ta yi, yara kan kwarara zuwa mai tukunya, ajin da aka gina don arba'in ya ɗauki saba'in, uku a benci ɗaya. Cikar makaranta a irin wannan hali ba shaidar koyarwa ba ce. Ga gidan da yaro ke fita ba karin kumallo kuwa, abincin nan dalili ne mai ƙarfi, ba mai ganin laifin uwar da ta zaɓe shi. Sai dai a tambaya kwana nawa aka dafa a watan jiya, tunda masu dafawa kan daina idan an daɗe ba a biya su ba. Kuɗin gudanarwa da gwamnati ke bayarwa a kan kowane yaro, shi ma tun 2005, kaɗan ne kuma yakan makara. Doka ta ce a kashe shi bisa tsarin da kwamitin kula da makaranta ya amince da shi. Hedimastan da zai ciro wannan tsari ya nuna ba tare da ɓata rai ba, galibi sauran al'amuransa ma a tsare suke. A leƙa banɗaki kafin a tafi. Inda babu na mata daban mai ƙofa da ruwa, 'yan matan JHS kan yi fashin kwanaki kowane wata, kuma rajista za ta nuna.

Duk wannan bincike ba a yin sa da sigar kama ɓarawo. A fara da gaisuwa, a tafi tare da shugaban kwamitin makaranta, ko wakilin gari a majalisar gunduma, ko wanda sarkin zango ya wakilta, a gaya wa hedimasta abin da ake so da dalilinsa. Abin da aka samu a kai shi taron duba ƙwazon makaranta, inda iyaye da malamai da sarakuna ke zama, a kuma miƙa kwafi ga jami'in da ke zagayen makarantun yankin, wanda yanzu ake kira SISO. Ƙarancin malamai na ofishin daraktan ilimi na gunduma ne, gini da benci na majalisar gunduma ne, kada a ɗora wa hedimasta abin da ba ya hannunsa.

Idan sauya wa yaro makaranta za a yi, a yi tun a ƙananan azuzuwa, ko bayan aji shida lokacin shiga JHS. Sauyi a JHS 3 na rikita rajistar jarrabawa da makin aji da ake tura wa WAEC. Ɗan shekara shida kuma kada a ɗora masa tafiyar awa guda saboda bambancin da bai taka kara ya karya ba, gajiya da makara za su cinye ribar. Ƙungiyoyinmu na birni kuwa, kafin a sayi fenti a duba abu biyu: ɗaki mai kyau a cikin gari da malamin aji ɗaya zai zauna ba haya, da ƙananan littattafan labari da za a bar yara su tafi da su gida, guda ga kowane yaro daga aji ɗaya zuwa aji uku, a riƙa musanyawa kowace Juma'a.